Yadda ake rufe gona da wake da kara don kada ƙasa ta gudu

Daga lokacin da aka kwashe dawa a watan Nuwamba har zuwa saukar ruwan shuka a watan Yuni, yawancin gonakin tudu a Jihar Kebbi a tsirara suke kwana. An sare kara an kai gida ko kasuwa, an ɗaure harawa an ɗora bisa itace, dabbobi sun bi sun lashe abin da ya rage, sannan da bazara a tuge tushiya a tara a cinna mata wuta da sunan sharar gona. Wata 7 ke nan ƙasa tana shan rana da iska babu komai a kanta. A yankin Kangiwa da Kamba da Augie da Gwandu, inda jigawa ta fi yawa, iska ce ke kwashe ta. A Zuru da Sakaba da Yauri, inda ruwa ya fi yawa kuma gonaki da dama ke kan gangare, ruwan farko ne ke wanke ta ya zuba a rafi. Abin da ke tafiya kuwa saman ƙasa ne, wanda kaurinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma a nan abincin shuka yake.

Da can saura ce maganin wannan. In gona ta gaji sai a bar ta ta huta wasu shekaru, ciyawa da sabara su rufe ta, a koma wata. Yau gado ya rarraba gonaki, baki ya yi yawa, kuma a wurare irin su Danko-Wasagu rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakin nesa, saboda haka na kusa da gari ake ta nomawa ba hutu. Takin zamani kuma kowa ya san kuɗin buhunsa. Abin da ya rage mana shi ne mu hutar da ƙasa alhali muna noma ta, ta hanyar rufe ta: da damina da shuka mai yaɗo, da rani da kara da ganye.

Bari in faɗi matsayina tun daga farko. Duk shukar rufe ƙasa da ba za ta ba gida abinci ko ta ba dabba harawa ba, magidancinmu ba zai riƙe ta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mai kadada ɗaya da iyali goma ba zai shuka ganye don ƙasa kaɗai ba. Saboda haka wannan bayani a kan wake aka gina shi, da 'yan'uwansa da muka saba da su. Sauran irin da ake kawowa daga cibiyoyin bincike suna da wurinsu, zan zo kansu.

Fara da zagaya gonar

Kada ka ɗauki gonar gaba ɗaya a shekarar farko. Ware kashi ɗaya cikin 4, kuma ya zama inda ya fi lalacewa. Don ka gane shi, shiga gonar washegarin ruwa mai ƙarfi. Duba inda ruwa ya ja 'yan layuka a ƙasa, inda yashi ya taru, inda saiwar gero ta fito fili, da inda ƙasa ta yi ɓawo ta daskare har ruwa ke zamewa a kanta, wato faƙo. Duba inda wuta-wuta, wadda wasunmu ke kira ƙuduji, ta fi yawa, domin ita a gajiyayyiyar ƙasa take samun sarari. Kafa turaku a wuraren don kada ka manta da su bayan an yi girbi. Ka lura kuma daga ina ruwan ke shigowa. Sau da yawa daga gonar maƙwabcinka ta sama yake gangarowa, ko daga hanya, kuma a can bakin ya kamata aiki ya fara.

Kaka: a nan ake yanke hukunci

Mutane na ɗauka aikin gyaran ƙasa da damina yake farawa. A'a, ranar da aka sare kara ake yanke wa gona hukuncin shekara mai zuwa.

Kara dukiya ne. Da shi ake darni, da shi ake girki, shi dabba ke ci, kuma yana da kasuwa. Ba zan ce ka bar shi duka ba. Shawarata ita ce ka raba shi uku: kashi ɗaya na dabbobi, ɗaya na gida, ɗaya na gona. Ganye da saman kara masu laushi su ne dabba ke so, sai ka kwashe su. Gindin kara mai kauri, wanda ko ka kai wa saniya shinshinawa za ta yi ta bari, shi ne rabon ƙasa. In za ka sare, ka bar tushiya a tsaye tsawon taƙi ɗaya ko biyu, kada ka tuge ta. Saiwarta na riƙe ƙasa, kuma idan ta ruɓe tana barin 'yan hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga.

Rabon gonar kuma ka kwantar da shi a ƙasa, kada ka jingine shi a tsaye ko ka tara shi tsibi. Akwai dalili biyu. Na farko, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, guguwar da ke gaban hadari kuma daga gabas, don haka karan da aka shimfiɗa daga kudu zuwa arewa yana gitta mata, ya tare yashin da take ja, ya kuma kama ƙurar da take ɗauke da ita, wadda ita kanta taki ce. Na biyu, tsutsar da ke huda karan gero a cikin karan take kwana duk rani tana jiran damina. Karan da ke kwance a ƙasa yana shan zafin rana sosai, kuma zafin yana kashe da yawa daga cikinta, saɓanin wanda aka ɗaure a inuwa ko aka yi darni da shi. Zangarniyar da ta yi burtuntuna da duk karan da cuta ta kama, su kam a ware a ƙone.

Nawa ya isa? Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa mafi ƙarancin rufi a kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda ƙasarsu jigawa ce irin ta arewacin Kebbi, gwaje-gwaje sun nuna cewa kimanin tan 2 na karan gero a hekta yana rage kwasar iska ƙwarai, ya kuma ƙara amfanin da ke biyo baya. Ba ka buƙatar sikeli. Ratsa wurin daga kusurwa zuwa kusurwa, taku 100, kana ƙirga sau nawa babban yatsan ƙafarka ya sauka kan kara ko ganye. In ya kai 30, ka isa. In karan bai isa wurin duka ba, kada ka barbaza shi sama-sama. Tara shi a kan faƙo da gefen gabas na gonar. A kan faƙo za ka ga gara ta shigo ta cinye shi, kada ranka ya ɓaci: ramukan da take haƙawa su ne ke fasa ɓawon ƙasa har ruwa ya sami hanya.

Matsalar da kowa zai kawo ita ce, ai kwashewa za a yi. Gaskiya ne, masu neman makamashi na bi, dabbobi na bi. Dabara biyu ke rage wannan. Ko ka daddatsa karan da adda guntu-guntu, tsawon kamu ɗaya ko ƙasa da haka, domin ba mai ɓata lokacinsa yana tsintar guntaye. Ko ka adana rabon gonar, ka dawo da shi ka shimfiɗa a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin guguwar bazara wadda ita ce ke binne sabuwar shuka da yashi.

Rani: tare wa ruwa hanya

Mai gona a shimfiɗaɗɗen wuri yana iya tsallake rabin wannan mataki. Mai gona a gangare kuwa, in bai yi shi ba, duk abin da ya shimfiɗa ruwa zai tafi da shi.

Abin da ake nema shi ne layin da ya gitta gangare, wanda duk tsawonsa babu inda ya fi wani tudu. Ido ba ya iya fitar da shi daidai, amma ruwa na iyawa. Nemi tiyo fari wanda ake hango ruwa a cikinsa, tsawon mita 10 zuwa 15, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya. Ɗaure kowane bakin tiyon a jikin sanda, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska. Tsayar da sandunan gefe da gefe a wuri ɗaya, ka yi wa kowacce alama daidai inda ruwa ya tsaya. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa a bakin gona, ɗayan ya ja tasa ya gitta gangaren, yana matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya dawo kan alama a sandunan biyu. A kafa turke a nan, na baya ya wuce gaba, a ci gaba haka har ɗaya bakin. A fara daga saman gona a gangaro. In gangaren mai sauƙi ne, a bar taku 20 zuwa 30 tsakanin layi da layi. In ya yi tsanani a matso da su.

A kan wannan layi za ka sa abin da kake da shi. A ƙasar Zuru dutse ba ya wuya: a haƙa 'yar kwari mai zurfin yatsa, a jera manyan duwatsu ta gefen ƙasa, a cike tsakaninsu da ƙanana ta gefen sama, tsayin jeren ya kai taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Ba dam ake ginawa ba. So ake ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu. Inda babu dutse, ciyawa ce ke yin aikin, sai dai ita sai ruwa ya zauna ake dasa ta. Gamba ta fi sauƙin samu, kuma ga zana ga abincin dabba. Jema, wadda ke fitowa a fadamu, saiwarta ta fi nutsewa ƙasa. Ana tsaga gindinta a dasa kusa da kusa, santimita 10 zuwa 15, don layin ya haɗe ya toshe. Duk inda aka bar giɓi, nan ruwa zai taru ya ɓalle, ya yi ɓarnar da ta fi ta da. Kunyoyinka ma daga yanzu su bi wannan layi, kada su miƙe daga tudu zuwa gangare. In ƙasar mai riƙe huɗa ce, ka riƙa datse kwarin kunya da 'yar ƙasa duk bayan taku 2 ko 3, tsayin datsin bai kai na kunya ba, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta kwari maimakon ya fasa kunya.

Faƙon da ya gagari garma kuma tassa ce maganinsa, aikin da manoman Illela da Badagishiri a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar suka farfaɗo da dubban hektoci da shi. Ramuka ne masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, taku ɗaya tsakaninsu, ana saɓa su yadda ramin layi na biyu zai faɗo tsakanin ramuka biyu na layin farko. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gefen gangare. A zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami, a rufe da 'yar ƙasa, a jira ruwa. Aiki ne mai cin ƙarfi, gayya ta fi dacewa da shi. A tsantsar yashi ba a yin ta, ramin cikewa yake yi.

Takin gida ma yanzu ne lokacin kai shi. Ruɓaɓɓe ya fi ɗanye, don ɗanye na ɗauke da irin ciyawa kuma yana ƙona shuka. In daga juji ka kwaso, tsince leda da batir da kwalba. In ka kai gona kada ka baje shi tun Fabrairu rana ta cinye ƙarfinsa. Bar shi tsibi-tsibi a rufe da kara har shuka ta kusa.

Bazara: shara ba wuta

Wuta na barin toka, shi ya sa ake ganin kamar tana ƙara wa gona ƙarfi. Amma naitirojin, sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya, hayaƙi yake bi ya tafi, tokar kuma iska ta farko ta ɗauke ta. In karan ya tare maka hanyar shuka, ja shi zuwa tsakanin layuka. A bar shi a sama, kada a binne busasshen kara mai yawa a gindin shuka, domin yayin ruɓewarsa yana janye naitirojin na ɗan lokaci, sai ka ga gero ya yi ɗorawa-ɗorawa.

A wannan shara ce kuma muke kashe itatuwan da Allah ya ba mu kyauta. Kututturan sabara da kalgo da magarya da gawo da ke tohowa kowace shekara muna sassabe su, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a sare toho duka, zaɓi 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, ka cire sauran, ka rage rassan ƙasa har rabin tsayinsu, da wuƙa mai kaifi kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Abin da ka sare ka shimfiɗa a ƙasa. Wannan shi ne sassaben zamani da aka fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983, kuma an kiyasta ya dawo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ne sarkinsu a gona, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabba ne.

Damina: shukar da za ta rufe ƙasa

Ga zuciyar aikin. Ɗigon ruwan sama da ya faɗo kan ƙasa tsirara yana farfasa ta, ƙananan ɓarɓashin su toshe ƙofofinta, sai ruwa ya bi sama ya gudu. In ya faɗo kan ganyen wake, ƙarfinsa ya mutu kafin ya taɓa ƙasa. Inuwar ganyen kuma tana hana danshi tashi, kamar tukunyar da aka sa wa murfi, tana kuma danne ciyawa.

Yawancinmu muna shuka wake cikin gero, amma jefi-jefi, rami ɗaya nan, wani can bayan taku uku. Wannan ba ya rufe komai. Akwai tsari biyu da ke rufewa.

Na farko shi ne na gargajiya da aka ƙara wa yawa. Shuka geronka yadda ka saba. Bayan noman firi, mako 3 zuwa 5 da shuka, in ruwa ya zauna, sai ka bi tsakanin kowane layi biyu na gero da layin wake mai yaɗo irin kanannado, santimita 40 zuwa 50 tsakanin ramuka, ƙwaya 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu, a cire a bar 2 bayan mako 2. Kada ka riga lokaci, wake zai hau gero. Kada ka makara, gero zai rufe shi ya hana shi rana. A arewacin jihar wannan yakan faɗo farkon Yuli zuwa tsakiyarsa. Da an yanke gero a Satumba, ka karya karan ya kwanta, waken zai samu rana ya bazu ya rufe gonar. Sai dai ka sani, kanannado sai rana ta fara gajarta yake fure, don haka a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri harawa zai ba ka fiye da ƙwaya. Mai gona a ƙaramar hukumar Arewa ko ta Dandi ya haɗa shi da iri mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 75.

Na biyu shi ne tsarin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suka gwada tare da manoma: layi 2 na dawa ko gero ko masara, sai layi 4 na wake, haka har ƙarshen gona, santimita 75 tsakanin layuka, 20 zuwa 25 tsakanin ramukan wake in mai tsayuwa ne. Ni wannan na fi so ga wanda ke da halin feshi. Waken na samun rana sosai, takin zamani na tafiya ga hatsi kaɗai, mai feshi na bin layin wake ba tare da kara ya tare shi ba. Badi kuma sai a gusa, hatsi ya hau inda wake ya tashi. In wuta-wutar wake na damun gonarka, wadda dabam take da ta dawa, nemi iri mai jure mata kamar SAMPEA 10 na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya.

Wake ba ya buƙatar yuriya, shi ke haɗa nasa. Abin da yake nema shi ne fosfaras, wanda ƙasarmu ta jigawa ke da ƙarancinsa ƙwarai. Takin sufa, wato SSP, shi ne nasa: buhu 2 zuwa 4 a hekta lokacin shuka, a gefen rami, kada ya taɓa iri. Mai ƙaramin ƙarfi ya sa ɗan tsunkule a kowane rami, ya fi babu nesa. Ga hatsi ma haka: cikin murfin kwalbar lemo na NPK, kimanin giram 6 a rami, yana yin aikin da watsa buhu a iska ba ya yi.

Bayan mako 5 ko 6, tono gindin wake ɗaya a hankali da ƙasarsa, ka wanke saiwar. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke zaune ciki suna ɗebo naitirojin daga iska suna ba shukar. In fari ne ko kore, ko babu su sam, ƙasar na neman sufa da takin gida.

Hattara da maganin ciyawa. Atrazine da ake fesa wa masara da dawa yana daɗewa a ƙasa kuma yana kashe wake da gyaɗa. 2,4-D ma duk mai faɗin ganye yake bi. Ɓangaren da za ka sa wake, fartanya ce maganinsa. Feshin ƙwari kuwa wake ba ya yi sai da shi: sau 2 ko 3, lokacin da ya fara ɗaure fure, lokacin da furen ya cika, da lokacin da ya fara 'ya'ya. A rufe hanci da jiki, kada a ba yara, kuma a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin roro ko ba dabba harawa.

Ba wake kaɗai ke rufe ƙasa ba. Kabewa da duma da kankana da guna, ramuka kaɗan ne ke rufe fili mai yawa, kuma sun dace da gefen gona da gindin jeren duwatsu inda danshi ke taruwa. Su dai ba sa ƙara naitirojin. Gyaɗa in an matse shukarta tana rufewa da wuri, kuma irinta da ake kira SAMNUT 24 na nuna cikin kimanin kwana 90. Kwaruru na yi a ƙasar da ta gagari kowa, shi ya sa mata ke riƙe da shi.

Daga Yauri zuwa Zuru, inda damina ke kaiwa Oktoba, zaɓi ya fi yawa. Waken soya na yi sosai a nan. Lablab, wani ɗan'uwan wake mai yaɗo wanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kansa, ana shuka shi cikin masara ko dawa bayan mako 4 zuwa 6, kuma yana zama kore bayan komai ya bushe. Ga mai turken shanu babu kamarsa. Akwai kuma mukuna, ɗan'uwan ƙarara amma marar ƙaiƙayi, wanda ke lulluɓe gona har tofa ta mutu a ƙarƙashinsa. Amma yana hawa masara ya kayar da ita in an shuka shi da wuri, kuma ƙwayarsa ba a cin ta haka nan. Ni ina ganinsa magani ne na gonar da tofa ta ƙwace, a yi shi shekara ɗaya a koma wake.

Roro da harawa

In an gama roro, yanke harawa da lauje a gindi, kada a tuge. Saiwa da ƙulle-ƙullenta da ganyen da ya zube su zauna. A nan sai an faɗi gaskiya: in ka kwashe ƙwaya ka kwashe harawa, abin da wake ya bar wa ƙasa kaɗan ne. Yawancin naitirojin ɗin ya bi ƙwaya da harawar da tumakinka suka ci. Hanyar dawo da shi ita ce takinsu ya koma wannan gonar. Shimfiɗa ragowar kara a turke ya sha fitsari, domin rabo mai yawa na naitirojin a fitsarin yake, ka tara a rami a inuwa.

Wuta-wuta kuma a tuge ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gona a ƙone, don gindi ɗaya na zubar da iri dubbai da ke iya kwana fiye da shekara 10 a ƙasa. Waken soya da gyaɗa da auduga na sa irinta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, saboda haka inda ta yi yawa a huta da dawa shekara 2 a sa su.

'Yan fadama, daga Argungu zuwa Suru, nasu gajere ne: a daina ƙona bunun shinkafa, a mayar da shi ƙasa ko a bi da shi ta turke, kuma inda ruwa ke janyewa a riƙa tsoma wake tsakanin shinkafa da shinkafa.

Maganar dabbobin sake

Duk abin da aka faɗa yana iya rushewa cikin dare ɗaya in an saki dabbobi kafin waken ƙarshe ya nuna. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku haɗu ku maƙwabtan gona huɗu ko biyar ku yi tsarin a jere, domin fili mai faɗi ya fi sauƙin tsaro. Ku je wurin mai unguwa ko hakimi tun kafin kaka, a zauna da arɗo, a sa ranar sakin dabbobi, a kuma bar burtali a buɗe. Tsohuwar yarjejeniyar nan ta shanu su ci ganyen kara su kwana a gona su bar taki har yanzu tana da riba ga kowa, in an yi ta da magana: su kwana a ɓangaren da ka nuna, a riƙa gusar da makwancin duk bayan 'yan kwanaki.

A shekarar farko abin da za ka gani shi ne ƙasa ta taru a bayan duwatsu da gindin kara, da danshin da ke daɗewa in an yi fashin ruwa. Ƙarin dami yakan biyo baya, a shekara ta 2 ko ta 3, kuma a lokacin ne za ka matsa zuwa kashi na gaba na gonar. Don sabon iri, tambayi malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar, wato KARDA, da ke yankinka tun watan Afrilu, kafin rububi. Na gida kuma ka zaɓe shi tun a gona daga gindin da ya fi yaɗo da 'ya'ya, ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi, ka ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba, kuma kada a buɗe sai ranar shuka.